Ba a Sa Jini a Jif ɗin Oga

Tau! Tau-tau-tau!

Baƙar jif ɗin ta ci birki a gaban kututturen da aka gindaya wa hanya. Kafin taɓon da ta watso ya sauka, babura sun ɓullo daga cikin gero ta hagu da dama.

"A hito! A hito ko mu ɓarke ku!"

Na'Allah ne na ƙarshen fitowa, shi da ƙaninsa Talha a kan babur ɗaya. Tsakar rana ce, tsakiyar damina, a kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni. Shirin da Oga Amiru ya yi musu ba shi da wuya: a tare Alhaji Hafizullahi ɗan kwangila, a ɗora shi a babur, a shige daji da shi, danginsa su nemo abin fansa. Mota ba ta cikin shirin. Mutumin daji me zai yi da mota?

Alhajin nan shi aka ba kwangilar gyaran wannan hanyar. Da ya zo ya ga lalacewarta ta wuce misali, sai ya je ya sayo motar da ba ruwanta da hanya. Har gilashi ya sa aka yi mata wanda harsashi ba ya hudawa. Da mutanensa sun zauna a ciki sun yi shiru, da har la'asar ana harbi ba abin da zai same su. Amma harbin farko ya sa direba ya ɓalle ƙofa ya faɗa gero. Ɗan rakiyar da ke gefensa ya diro, ya rufe ido ya saki harbi guda — tau! — ya bi bayan direban.

Harbin makaho ne, amma ya sami mutum. Na'Allah ya ji Talha ya yi wani irin nishi a bayansa, hannun da ke riƙe da ƙugunsa ya saki.

"Yaya... an same ni."

A mara ne, ƙasa da cibiya. Na'Allah ya kwantar da shi a kan ciyawa, ya yage gefen rigarsa ya danne wurin. Jinin bai saurari rigar ba.

Can gefe kuwa Amiru ya fizge ƙofar baya. Gajeren mutum ne, layu sun fi shi nauyi, shekara da shekaru yana kwana a ƙasa sauro na rabon jininsa. Ba a taɓa ganin abin da ya tsayar da shi ba. Yau sanyi ya tsayar da shi. Iskar da ta fito daga cikin motar ta doki fuskarsa, ya yi tsaye baki buɗe. Kujerun fata ne, farare kamar kindirmo. Ƙamshi na tashi. Alhaji na duƙe a ƙasan kujera yana salati, wandonsa sharkaf.

"Kai! Wanga ya yi hitsari!" Amiru ya daka tsawa. "Ku hid da shi kah shi ɓata min kujera!"

Tun ba a je ko'ina ba ta zama tasa.

Suka jawo Alhaji suka yar a taɓo. Jibrilla, wanda ya fi kowa iya babur a cikinsu, ya matso. "Oga, bisa babur wa za a aza shi?"

"Wa?"

"Alhajin mana. Ai shi munka zaka ɗauka."

Amiru ya shafa kujerar da bayan hannu. "Alhaji sai an ba shi tuwo, sai an tsare shi, shina kuka shina zawo. Wagga hwa? Ku bar shi nan shi gyara hanya. Ina Na'Allah?"

Na'Allah kaɗai ya san tuƙi a cikinsu. Da can ƙaramar motar haya yake ja tsakanin Isa da Shinkafi, har masu tare hanya suka kore masa fasinja, shi ma ya sayar da motar ya zama mai tare hanya. Ya taho da Talha a rungume, jini har gwiwar hannu.

"Oga, Talha na. A sa shi baya, mu kai shi wurin Anas. In munka yi sauri za shi rayu."

Anas mai kemis ne a wani ƙauye dab da iyakar Nijar, shi ke ciro musu harsashi ba ya tambayar inda aka samo shi.

Amiru ya dubi Talha. Ya dubi kujera. Ya sake duban Talha.

"Jini? Bisa wagga hwata?"

"To but, Oga. Can baya inda aka sa kaya."

Amiru ya leƙa. "Can ma kahet na anka shimhiɗa. Ku ɗaure shi bayan Jibrilla. Kai ko shiga ka ja mu. In kana son ɗan'uwanka, taka wuta."

Na'Allah ya so ya yi magana. Ya tuna wani da ya taɓa yi wa Amiru musu a kan rabon shanu, ya tuna inda suka binne shi. Ya haɗiye. Da rawaninsa ya ɗaure Talha a bayan Jibrilla, ya ce masa a kunne, "Ka riƙe. Ba nisa."

Makullin na nan inda direba ya bar shi, ɗan ƙaramin abu mai maɓallai. Na'Allah ya jefa shi a aljihu ya ja motar.

Da babur, wurin Anas ba nisa ba ne da gaske. Hanyar ƙafa ce siririya ta cikin gonaki, wadda suka saba bi su watse kowa ya kama gabansa, ko aljani ba zai ce ga sawunsu ba. Amma jif ba ta bin hanyar ƙafa. Kuma Amiru, da ya kishingiɗa a kujerar baya ya sa hular Alhaji da baƙin tabaransa, sai ya tuna yadda yake ganin manya na wucewa.

"Babura biyu gaba, saura baya!" ya ce a sanar. "Kuma duw wanda yaw wuce ni, shi yi kuka da kainai!"

"Oga, bar Jibrilla shi yi gaba da Talha."

"Ka taɓa ganin na baya ya wuce gwamna?"

Haka suka faɗa gonakin mutane a jere, kamar masu kai amarya. Gero ya yi kai, ya fi mutum tsayi, motar na kwantar da shi tana wucewa. Akwai wani ɗan murfi kusa da giya mai zanen yashi da taɓo da dutse. Na'Allah ya murza shi kan taɓo, motar ta yi wani gurnani a hankali ta ratsa fadama kamar a kan kwalta. Bai ji ko kunya ɗaya ta gona a bayansa ba. Shi da ya saba da motar da sai an tura ta da safe, sai an zuba mata ruwa a kowane gari. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta da daɗin faɗi: hannunsa ya ji daɗin sitiyarin nan.

Suna isa wani ɗan ƙauye Amiru ya ce a tsaya.

"Oga, lokaci..."

"Mutanen ga sun daɗe suna ganina bisa babur. Yau su gan ni."

Ya ja hannun ƙofa. Ba ta buɗe ba. Ya sake ja. Ya fara kumbura.

Na'Allah ya gane matsalar nan take. Makullin yara ne, wanda ake sa wa ƙofofin baya don kada 'ya'yan Alhaji su buɗe mota na tafiya. Amma wa zai dubi idon Amiru ya ce masa an kulle shi kamar ɗan yaye?

"Oga, motam manya ta. Babba ba shi buɗe ma kainai ƙohwa. Sai an buɗe mai."

Kumburin ya sace. Amiru ya yi murmushi har haƙorin gwal ya fito. "Ka ji ko? Ashe sun san ni. To hita ka buɗe."

Na'Allah ya fita da gudu ya buɗe. Amiru ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya gyara hula. Ba kowa. Ƙauyen duk ya watse cikin gero tun da aka ji ƙarar babura, sai wata akuya ɗaure a turke tana kallonsa. Duk da haka ya zagaya motar sau ɗaya yana tafiyar ƙasaita.

Na'Allah ya ruga wurin Jibrilla. Leɓɓan Talha sun yi fari.

"Ruwa, Yaya."

Akwai ɗan firji tsakanin kujerun motar, cike da ruwan gora mai raɓa. Amiru ya riga ya gano shi, ya shanye biyu, ya wanke fuska da ta uku. Na'Allah ya roƙi ɗaya.

"Mai ciwon ciki ba a ba shi ruwan sanyi," Amiru ya ce. "Don lahiyatai ni hana. Buɗe min in shiga."

A bakin hanya kuwa, motar 'yan sanda ta iske Alhaji Hafizullahi zaune a kan kututture yana rusa kuka.

"Alhaji, sun taɓa ka?" Insifeto ya tambaya.

"Motata! Ko wata ba ta yi ba! Ko ledar kujeru jiya-jiya anka cire!"

"Direbanka da ɗan rakiya hwa?"

"Wa ya san musu? Insifeto, kuma ka ji rainin hankali: ni sunka bari! Sunka dube ni, sunka dubi mota, sunka ɗauki mota!"

Insifeto ya juya wajen gonaki. Ya tsufa yana bin sawun babura da ke ɓacewa a gona ta uku. Ya saba da manoman da in ka tambaye su sai su ce ba su ga komai ba, kuma bai taɓa ganin laifinsu ba, domin shi zai tafi, su za su kwana a nan. Yau ya tsaya yana kallon wata hanya sabuwa fil, mai faɗin mota, an shimfiɗa ta da gero ta miƙe arewa.

"Ka ga, Alhaji," ya ce, "motarka ta yi aikin da kai ba ka yi ba." Ya juya ga yaransa. "Ku hau! Yau ko makaho ya kama su!"

Su Amiru kuwa, can gaba suka iske wani rafi ya kawo ruwa. Masu babura suka sauka suna turawa ta inda bai kai ƙugu ba. Na'Allah ya tsaya a baki yana lissafi, sai idonsa ya faɗa kan wani maɓalli mai zanen mota da kibiya ta kalli sama. Ya danna. Motar ta ɗaga kanta a hankali kamar raƙumi zai miƙe.

"La'ilaha!" Amiru ya dafe kujera. "Tashi takai?"

Suka shiga. Ruwa ya kai rabin ƙofa, ko ɗigo bai shigo ba. Tayoyi huɗu suka kama yashi suka ja. Motar ta haye gaɓa tana zubar da ruwa, 'yan gaba suka ɗaga bindigogi suna ihu. Na'Allah ya bugi sitiyari ya ƙyalƙyale da dariya.

Dariyar na bakinsa ya kalli madubi.

Jibrilla na tsakiyar rafin yana kokawa da babur, ruwa na dukan cikin Talha. Kan Talha ya langaɓe gefe, yana lilo. Inda suka bi, ruwan ya canza launi.

Kunya ta kama Na'Allah irin wadda bai taɓa ji ba. Shi ya jawo Talha dajin nan. Shi ya ce masa damina ɗaya kawai za su yi su tara jari su daina. Ga shi yana mutuwa a madubi, shi kuma yana dariya da motar wani.

"Oga, don girman Allah. Saura kaɗan. In shimhiɗa rigata ƙasa, ko ɗigo ba ya taɓa..."

Bakin bindiga ya sauka a ƙeyarsa, sanyi ƙalau saboda iskar motar.

"Ka ƙara ce min jini cikin motag ga, naka za a goge. Ka ji?"

"Na ji, Oga."

"Madalla." Amiru ya sauke gilashi kaɗan ya ƙwala wa na waje kira. "Wa ya ɗauki hoton ƙetarawan nan?"

Kowa na ta kansa a ruwa.

"Ba wanda ya ɗauka? Motata ta yi iyo awa kada, ba wanda ya ɗauka? Wa za shi yarda in na hwaɗi? Kai, hiddo waya! Na'Allah, juya. A koma can ƙetare a sake, a hankali, don a ga huskata."

Jibrilla ya iso gefen tagar direba yana haki. Ya dai kalli Na'Allah, ya girgiza kai kaɗan.

Na'Allah ya juya motar. Ya ƙetare zuwa inda suka fito. Ya sake juyowa. Amiru ya ajiye bindiga a ƙasa don kada ta ɓata hoto, ya harɗe ƙafa, ya ɗauki gorar ruwa ya riƙe kamar mai tallanta. Mai waya na can gaɓa yana ɗaga hannu.

A tsakiyar rafin akwai tudun yashi. Nan Na'Allah ya tsaya. Ya ɗage gilashin duka. Ya kashe injin.

"Mi ya hwaru?"

"Wani icce ya sarƙe ƙasa, Oga. Bari in cire."

"Yi maza. Ka ɓata min hoto."

Ya fita, ruwa iya gwiwa. Ya tura ƙofa — kap! Ya zaro makullin ya danna maɓallin kulle, ya sake dannawa. Ya taɓa jin direbobi a tasha suna cewa motocin manya in ka yi musu haka ko daga ciki ba sa buɗuwa. Bai san ko gaskiya ne ba. Motar ta ƙifta fitilu, ta naɗe madubanta. Ya wurga makullin inda ruwan ya fi zurfi, ya nufi gaɓar da Jibrilla yake.

Amiru bai motsa ba. Yana zaune yana jiran a zo a buɗe masa.

Sai jiniya ta tashi daga kudu.

"Sun iso! 'Yan sanda!"

Tau-tau-tau! Ganyen bishiyar gaɓa ya zubo. Mai waya ya yar da ita ya haye babur. Cikin ƙiftawar ido jerin gwanon ya wargaje, kowa ya tuna hanyar ƙafarsa.

Sai a lokacin Amiru ya ja hannun ƙofa. Ya ja na ɗaya gefen. Ya tsallaka gaba, hula ta faɗi, ya ja na direba — ko gezau! Na'Allah na ganin bakinsa na buɗewa yana rufewa ta gilashi, ba a jin komai. Motar manya ba ta fitar da hayaniya. Ya ga ya rarumo bindiga ya saita taga.

Dum! Dum! Dum!

Gilashin ya yi fari, ya tsattsage kamar busasshen tabki. Bai fashe ba. Alhaji bai gyara hanya ba, amma a gilashi bai yi ha'inci ba.

"Karɓi!" Jibrilla ya kwance rawanin ya diro. "Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba!" Ya ɗare bayan wani babur suka ɓace.

Na'Allah ya haye babur ɗin Jibrilla, ya ɗaure Talha a bayansa, ya murɗa wuta — wuuu! — ya faɗa hanyar ƙafa. Gero na marinsa hagu da dama. Harsashi ɗaya ya wuce ta saman kansa, na biyu ya yi nisa.

"Riƙe ni, Talha! Ga shi mun kusa! Kana jina? In ka warke mun bar dajin ga, wallahi mun bar shi! Mu koma gida mu yi noma, ko dako na mu yi! Talha!"

Kan Talha na bugun kafaɗarsa a kowane rami. Na'Allah ya ɗauka amsa ce.

Amiru ya daɗe a rafin. 'Yan sanda suka kewaye motar suka zauna a inuwa, don su ma ba su da hanyar buɗe ta, sai da aka aika gidan Alhaji aka kawo ɗaya makullin. Rana ta dafa shi a ciki har layunsa suka jiƙe. Ya ƙarar da harsashinsa a kan kujeru da rufi, ɓarɓashin gilashi ya tsaga masa goshi, ya yi amai, ya yi abin da ya kori Alhaji saboda shi. Da aka buɗe ƙofar, mutumin da garuruwa ke kwana a daji don tsoronsa ya zubo ƙasa yana roƙon ruwa. Alhaji ya leƙa cikin motar, ya ɗora hannu a ka, sai da aka riƙe shi. Direbansa da maciji ya sara a cikin gero, har yau bai tambaya ba. Manoman da aka kwantar wa gero kuwa, su ko sannu ba wanda ya ce musu.

Na'Allah bai ga wannan ba. Ya isa ƙofar kemis ɗin rana na kan ka tukuna, ya faɗi da babur ɗin gaba ɗaya.

"Anas! Anas! Hito!"

Anas ya fito yana goge hannu. Suka kwance rawanin, wanda ya yi tauri da jini. Anas ya sa yatsu a wuyan Talha. Ya ɗaga fatar idonsa. Ya daɗe a duƙe, sannan ya ja rawanin ya rufe masa fuska.

"Innalillahi. Jikinai da ɗumi ma. Bai daɗe ba."

"Duba dai! Sake dubawa!"

"Na'Allah, jini na ya ƙare mai. Harbin bai taɓa hanji ba, irin wanga na sha ɗunkewa." Ya miƙe ya dube shi. "Ina anka harbe shi?"

"Hanyar Isa."

"Hanyar Isa? Ai nan da can ko shayi bai hucewa bisa babur. Mi ya tsai da ku? Sojoji kunka iske?"

Na'Allah ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun ƙaninsa. Takalmin Talha ɗaya ya faɗi a hanya. Ya kama ƙafar ya riƙe. Ya nemi abin da zai ce wanda za a iya maimaita wa tsohuwarsu a gida, bai samu ba.

"Hoto," ya ce. "Hoto munka tsaya ɗauka."